Numfashin Yaya Abbakar

Tun ranar da muka dawo daga Bur Sudan ban huta ba. In na zauna wurin mai shayi a bakin garejinmu, sai wani ya jawo kujera ya ce, to Usta Haruna, yaya teku? Usta shi ne yadda ake kiran makanike a nan. In na shige ƙarƙashin tarakta, sai in ga ƙafafun mutum sun tsaya kusa da kaina, shi ma tekun yake tambaya. Har wani mara aikin yi ya baza a Gadarif wai kifi ya kore ni na haye jirgi ina ihu. Ihu kam na yi, amma ba kifi ne ya ba ni tsoro ba. Don haka zan faɗi labarin sau ɗaya tun daga tushe, kowa ya ji, a bar ni in yi aikina.

Yayana Abbakar shi ya riƙe ni bayan rasuwar mahaifinmu, shi ya kama hannuna ya kai ni gareji. Yana zaune a lambunan bakin kogi kusa da Shuwak. Injin ban ruwan da masu lambu suka dogara da shi, bakin bututunsa yana can ƙasan ruwa, zurfin gaba uku. In laka da itace suka toshe shi, sai a kashe injin, Yaya ya ɗaura igiya a ƙugu, ya cika ƙirjinsa da iska ya nutse. Shekara talatin ke nan yana wannan. Bara ya daɗe bai fito ba, sai jawo shi aka yi, jini na zuba ta hanci, kunnen hagu kuma tun ranar bai ƙara ji da shi ba. Na ce ya bari. Ya ce in ya bari wa zai shiga, albasar mutane ta bushe ke nan? Mutumin nan kansa ya fi dutse tauri, kuma shekarunsa sun haura hamsin.

Wani malamin makaranta da yaƙi ya koro daga Hartum, wanda ya kama ɗaki a gidanmu, shi ya ce yana da aboki a Bur Sudan mai koyar da nutso da tulun iska a baya. Masu lambu suka haɗa hannu suka ce mu je mu biyu. Yaya zai koyi shiga, ni kuma in koyi ɗaura kayan. Na ce wannan ai wasa ne, ƙarfe dai ƙarfe ne, wanda ya farke injin tarakta ya mayar me zai gagare shi?

Muka hau bas bayan sallar asuba. Yaya ya ɗauki leda ɗaya da riga biyu. Ni na ɗauki jakar aikina, da babbar mufta, wato sifanar da nake kwance ƙafar tarakta da ita, da gwangwanin giris, da guntun tsohon tub ɗin taya wanda ba na rabuwa da shi. Matata ta cusa mini ƙullin yaji a aljihu, wai ta ji mutanen can ba su san daɗin baki ba.

A shingen shiga jihar Kasala aka sauke mu duka. Sojan da ya ɗaga jakata sai da kafaɗarsa ta karkace. Ya karɓi katinmu, ya tambayi inda za mu da abin da zai kai mu. Yaya, da yake bai iya kwana-kwana ba, ya ce za mu koyi numfashi a ƙarƙashin ruwa. Sojan ya sake duba katin, ya kira abokinsa ya ce zo ka ga mutanen Gadarif, masu sayen ruwa a bayan jaki, za su je su zauna a cikin teku. Suka yi ta dariya, fasinjoji suka taya su. Na cika na yi fam, amma mai bindiga ne, na taya su ni ma.

A Kasala muka tsaya karin kumallo. Can ne na fara haɗuwa da gahawar mutanen gabas, jabana, mai citta kamar za ta huda maƙogwaro, a ɗan kofi da bai fi murfin kwalba ba. Na shanye ɗaya na tashi. Wani dattijo abokin tafiyarmu a bas da ke kusa da ni, mai tulin gashi da takobi a kafaɗa, ya riƙe rigata ya ce ba a shan ɗaya a tashi, raini ne ga mai dafawa. Na zauna. Mu a gida in ka shanye shayinka ka ce alhamdulillahi an gama, su kuwa sai an zagaya an sake zagayawa. Na sha biyar. Daga nan har muka wuce Hayya idona bai rufu ba, ina ta ba dattijon labarin tarakta, shi kuma yana barci rungume da takobinsa.

Da muka fara gangara duwatsun da ke bayan Sinkat, kunnuwana suka toshe, suka shiga zafi. Na kama mita. Yaya ya dube ni ta gefe ya ce in toshe hanci in hura a hankali. Na yi, suka buɗe. Ya ce abin da nake ji ɗin nan, shi ne gaisuwar farko da ruwa ke yi masa kullum kafin ma ya kai rabi. Ni kuwa ban taɓa tambayarsa yadda abin yake ba.

Mun isa da magariba, muka sauka a wata lokanda, wato masaukin baƙi, kusa da kasuwa, gadaje jere a tsakar gida. Zafin Gadarif na busar da mutum ne, na Bur Sudan kuwa jiƙa mutum yake yi. Rigar da na wanke ranar da muka zo, da danshinta na dawo da ita gida. Abin da ya fi ba ni dariya, ga ruwa iya ganinka, amma na sha saye suke yi kamar mu, na wanka kuma gishiri-gishiri, sabulu ya ƙi kumfa. Da na san haka da na faɗa wa sojan nan. Kifi suke ci tun da safe. Naman da suke alfahari da shi, salat, a kan duwatsu masu zafi ake gasa shi, ba ƙuli ba yaji, tsirara. Ni da na tashi da agashe, tsirenmu mai ƙuli da yaji, sai na zaro ƙullin matata na barbaɗa. Mai naman ya ɓata rai, ya zo ya ɗanɗana don ya kushe, ya sake ɗanɗanawa, daga ƙarshe da ƙyar na tsira da rabin ƙullin.

Washegari muka sami malaminmu, Rayyis Ohaj. Siriri ne baƙi, magana kamar ana sayar masa da ita. Da can Turawa yake kaiwa kallon kifi, tun da yaƙi ya tashi baƙi suka ɗauke ƙafa, ya koma kankare gindin jiragen ruwa. Ya dubi ƙirjin Yaya ya gyaɗa kai. Ya dubi jakata, ya ce in ajiye ta can bakin ƙofa.

Ya ɗauko tulun ƙarfe ya tsayar, ya ce iskar da ke ciki ta ninka ta tayar tarakta wajen sau ɗari, in ka shaƙe ta kai tsaye ta fasa ka. Abin da ke rage mata ƙarfi har ta zama numfashi shi ake kira munazzim, suna ɗaya da na tulun gas ɗin girki. Dunƙulen ƙarfe ne da ake ɗaurawa a bakin tulu, da mesa huɗu suna reto a jikinsa. Ɗaya ta abin da ake cizawa a baki, ɗaya mai ruwan ɗorawa ta ajiya ce ko don ɗan'uwa in tasa ta ƙare, ɗaya tana zuwa agogon da ke nuna sauran iska, ta ƙarshe kuma ana maƙala ta a rigar da ke kumbura ta ɗago mutum sama.

Ya nuna mini bi da bi. A fara ɗaure rigar a jikin tulu, a girgiza a ga ba ta zamewa. A ɗan buɗe tulun kaɗan a sansana, in iskar na warin mai ko hayaƙi a ajiye shi. A duba bakin tulun, akwai wani ɗan zoben roba baƙi a kwance ciki, bai kai zoben yatsar jariri ba, a tabbata bai tsage ba bai bushe ba. Sannan a cire murfin ƙura, a zaunar da munazzim a kan zoben, mesar baki ta ɓangaren dama, a murɗa maɗaurin. Nan ya ɗaga mini yatsu uku, babba da manuniya da na tsakiya. Ya ce da su kaɗai ake ɗaurewa, in sun tsaya an gama, iskar ce da kanta za ta matse sauran. Sai a kifa fuskar agogon, a buɗe tulun a hankali, a kasa kunne ko akwai tsiyaya, a ja numfashi uku ana kallon allurar, in ta yi rawa akwai matsala.

Na ce yatsu uku? Ni da in na ɗaure noti sai na hau kan mufta da ƙafa har ta yi kuka? Na tambayi ina ake shafa giris. Rayyis ya dube ni kamar na ce za a zuba kananzir a miya. Ya ce man mota yana cinye robar, kuma duk abin da na shafa a nan, cikin huhun yayana zai je. Na ce to. Amma a raina na ce mutanen teku ba su san ɗauri ba, shi ya sa komai nasu ke kaɗawa.

Kwana uku muna wannan. Ni ina ɗaurawa ina kwancewa a kan tudu har na iya da ido rufe, Yaya kuma yana cikin ruwa iya ƙirji yana shan nasa wuyar. Shekara talatin yana riƙe numfashi, yanzu an ce dokar farko ita ce kada ka taɓa riƙe shi. Iskar tulu matsattsiya ce, in ka riƙe ta ka taso sama, sai ta kumbura a ƙirjinka. Da ya nutse sai tsohuwar ɗabi'a ta dawo, kumfa ta ɗauke, Rayyis ya ƙwanƙwasa masa tulu da ƙarfe. Ina daga gefe ina dariya ina cewa tsoho ba ya koyon sabon karatu.

Rana ta huɗu aka ce za a fita da jirgi zuwa mai zurfi. Da hantsi Rayyis ya bar ni a kan gadar katakon da ake ɗaure jirgi, ya ce in haɗa kayan Yaya ni kaɗai, shi da Yaya za su je neman fetur. Na ɗaure riga, na sansana iska, na zo kan zoben. Sai shaiɗan ya ce mini, wai ɗan abin nan me ke cikinsa ne? Na sa ƙusa na ɓanɓaro shi don in gani da kyau. Ya yi tsalle, ya gangara, ya bi ta tsakanin katako. Ina kallo ya nutse.

Ku da kuke aikin hannu kun san halinmu. Usta ba ya cewa babu. In manomi ya kawo tarakta ana tsakiyar yankan riɗi, ba ka ce masa sai an aiko da kaya daga wani gari, sai ka yanka, ka lanƙwasa, ka ɗaure da waya, ya tafi. Da wannan muka yi suna. Tulun gas nawa na yi wa roba da tub a Gadarif, har yau ana girki da su? Kuma in tsaya gaban mutumin da ya sa na ajiye jakata a bakin ƙofa in ce na yar da zobensa? Na ɗauko jakar. Na yanka tub daidai wurin, na ɗan lakuta masa giris don ya zauna, na ɗora munazzim. Da yatsu uku ya ƙi kamawa, sai na naɗe maɗaurin da tsumma don kada ya nuna tabo, na sa mufta na ba shi haƙƙinsa. Na buɗe tulun, shiru, ba tsiyaya. Na yi maza na rufe. Wallahi har daɗi na ji, na ce yau ran yayana na hannun ɗauri na gaske.

Muka fita har gari ya koma ɗan layi. Rayyis ya jefa ƙarfen tsayar da jirgi. Yaya ya tuɓe, ya miƙa hannu zai saka rigar. Rayyis ya kai yatsunsa kan maɗaurin kamar mai wucewa, ya ɗan murɗa, bai motsa ba. Ya kai yatsun hanci. Bai dube ni ba ma.

Ya ce, “A nan muna da al'ada, ya usta. Wanda ya ɗaura, shi ke fara shiga.”

Na ce ban iya ruwa ba. Ya ce rigar za ta riƙe ni, shi ma yana gefena, gaba biyu kawai zan sauka in dawo. Yaya ya yi dariya ya miƙo mini, ya ce yau zai ga tsoho da yaro wa ya fi koyon karatu. Na zura hannu ɗaya. Nauyin tulun ya sauka a bayana, ƙarfen munazzim ya taɓa ƙeyata, sanyi ƙalau. Sai na ga guntun tub ɗin nan a idona, tub ɗin da na ciro daga tayar da ta yi shekara tana kwance a rana. Ashe wanzami ba ya son jarfa. Abin da minti ɗaya da ya wuce na yarda in rataya wa mutumin da ya raine ni, ga shi na kasa zura hannu na biyu a cikinsa.

Na ce, “Rayyis, ba zan shiga da wannan ba. Kuma Yaya ma ba zai shiga ba.”

Na faɗi komai, ƙusa da tub da giris da mufta, kaina a ƙasa. Ban taɓa jin kunya irin ta ranar ba. Rayyis ya sauke kayan daga bayana. Ya kwantar da tulun a can ƙarshen jirgi, ya buɗe, ya dawo ya zauna ya zuba jabana daga ɗan tulunsa. Bai gama kofin ba muka ji tau! kamar harbi, iska ta shiga tsiyaya da ƙara, guntun tub ya tashi sama. Ya je ya rufe. Sannan ya ce ba ƙarewar iskar ce za ta kashe Yaya ba, akwai lokacin fitowa. Amma mutum in ya ji wannan a bayan kansa a ƙarƙashin ruwa, abin da jikinsa ya saba shi zai yi. Yaya zai riƙe numfashi ya harbo sama, huhunsa ya fashe kafin ya iso.

Na so Yaya ya zage ni, ko ya mare ni yadda yake yi ina yaro. Bai yi ba. Ya juyo da kunnensa mai ji.

Ya ce, “Haruna, da ka ce babu, wa zai mutu?”

Sai da mufta aka kwance maɗaurin, wannan ne kaɗai aikin kirki da ta yi a tafiyar. Rayyis ya ajiye wancan munazzim ɗin gefe don a wanke shi, ya ɗauko wani da sabon tulu. Ya zaro wata 'yar kwalba daga aljihu, cike da zoben, sun fi ashirin. Tun safe tana aljihunsa, tambaya kawai ta rage. Na ɗaura da yatsu uku, na kifa agogo, na buɗe, na saurara, na ja numfashi uku. Na ɗauka an yafe mini, sai Rayyis ya ce al'ada tana nan.

Haka na shiga teku, ni Haruna da ko a tafkin damina ban taɓa wuce gwiwa ba. Yaya ya riƙe hannuna na dama, Rayyis na hagu. Da ruwa ya rufe kaina na ja numfashi da niyyar mutuwa, sai iska ta zo, busasshiya mai sanyi, kamar tana jirana. Na ga kifaye masu launin zanen mata suna wucewa ba ruwansu da ni. Da aka ɗago ni na tofar da abin bakin na ƙwala ihu. Wannan shi ne ihun da ake yawo da shi a gari, kuma na murna ne.

Mun ƙara mako guda. Ranar tafiya Rayyis ya ba ni kwalbar zobe tawa, ya sa na rantse ba zan taɓa cika tulun da injin hura taya ba, duk wanda ya ƙare a aiko masa a mota ya cika. Na rantse ba tare da musu ba. Ya dubi fuskata sosai, ya sa na sake rantsewa.

Sati biyu da dawowarmu bututun ya toshe. Aka kashe inji, masu lambu suka cika bakin kogi kamar ranar kasuwa. Na haɗa kayan a kan tabarma, na saka na shiga iya wuya na nutsar da kai na yi numfashi, sannan na fito na rataya wa Yaya. Ruwanmu ba irin na teku ba ne, jan laka ne, in mutum ya nutse ko inuwarsa ba ka gani. Igiya na hannuna, idona na kan kumfa. Tana tasowa, tana tasowa, ba ta yanke ba ko sau ɗaya. Ya yi kusan sulusin awa a ƙasa. Ya fito da wani ƙaton reshe a hannu, mutane suka yi ta kabbara.

Ina kwance masa riga na tambaye shi yaya ya ji. Ya zauna a kan laka yana share fuska, ya yi magana ƙasa-ƙasa don kada a ji.

Ya ce, “Shekara talatin, duk shigar da zan yi sai na kira sunan 'ya'yana ɗaya bayan ɗaya a zuci, na bar wa Allah su. Ban taɓa faɗa wa kowa ba. Yau ina can ƙasa na kama kaina ina tunanin ko me aka dafa a gida.”

Na sunkuya kan tulun kamar ina rufe shi, na daɗe ban ɗago ba.